Karan dawa a cikin tiyon inji

Shekarun baya, ina hutun makaranta a Rano, yayana ya karɓi aron motar baffanmu. Ƙaramar mota ce mai ƙarfin inji, irin wadda ake ƙerawa don gudu. Da ita yake kai wa Baffa taki gonarsa ta Kibiya.

Ba a daɗe ba motar ta fara zubar da baƙin mai. Duk inda ta tsaya sai ta bar tabo a ƙasa, sandar duba mai kuma tana tasowa da kanta daga raminta. Baffa ya ce gudun yayana ne ya kashe injin, kuma ranar Juma'a zai karɓe makullinsa.

Ni dai ba na tuƙi, karatun injiniya nake yi. Na buɗe bonet na yi ta bin tiyo ɗaya bayan ɗaya, har na iske wani da ya fito daga murfin inji, bakinsa ya tsinke, an cusa masa karan dawa an ɗaure da roba. Ta nan inji yake numfashi. Iskar da ke zillewa ta gefen fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, tana taruwa a ma'ajiyar baƙin mai, idan ta rasa hanyar fita sai ta turo man ta duk inda ta samu.

Na nuna wa yayana. Ya ce, "Baffa ne ya sa da hannunsa, wai yana hayaƙi. Malam mai littafi, sai ka je ka faɗa masa."

A gidanmu yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane, ni kuwa ko gaisuwa sai na shirya ta a raina. Ranar Juma'a na sami Baffa a zaure shi kaɗai, na durƙusa.

"Baffa, akwai wani kara da aka sa a tiyon inji."

"Aka sa? Wa ya sa?"

"Ban ga lokacin da aka sa ba."

Ya dube ni ya ce, "To, me karan ya yi maka?"

Na yi bayani. Ya tashi muka je wajen motar, ya zare karan da kansa. Yayana ya tayar da inji ya taka mai, sandar ba ta motsa ba. Washegari bakanike ya sa sabon tiyo, da ɗan gwangwanin da zai riƙa tare man da ke biyo iskar.

Baffa bai taɓa cewa shi ya sa karan ba. Makullin dai ya bar wa yayana, ya ce masa, "Duk da haka ka rage gudu."

Har yau ina jin nauyin yin magana a gaban manya. Amma na gane ba sai na ce wa mutum ya yi kuskure ba. In na nuna masa wurin, na bar shi ya cire da hannunsa, ya wadatar.