Bari Ya Yi Ja Tukuna

Duk wanda ya san yayana Sule maƙeri a Bunkure ya san ba ya sayen gawayi sai ya ƙwanƙwasa shi a kunne. Mai gawayi ya ce, "Malam Sule, wai ganga kake nema?" Ya ce, "Na itacen ƙirya nake nema. Naka ko kunu ba zai dafa ba!"

Maganarsa kuwa guda ce: "Bari ya yi ja tukuna." Shayi ne, tumatir ne, har ɗa aka haifa masa, aka ce ya raɗa suna, ya ce a bari.

Shekarar da fetur ya yi wuya, gonata tana kan tudu a ƙarshen kanal, ruwa ba ya hawa sai da inji. Tumatirina ya fara lanƙwashewa, na kasa zaune na kasa tsaye. Yaya ya ce zai tayar min da injin ba fetur. Ya cika duro da garwashi, ya ɗauke butar shayin matarsa Hari, ya haɗa da bututu. Wai in tururi ya ratsa jan garwashi, iskar da za ta fito tana kamawa da wuta, ita za ta tayar da injin.

Hari ta biyo shi maƙera. "Malam, ina butata?"

"Ta samu aikin injiniya."

Gwajin farko, wuta shuɗiya ta yi fau, ta tafi da rabin gemunsa. Ya shafa ya ce, "Alhamdu lillahi, ta kama!" Rabin da ya saura kuwa ya ƙi askewa, wai shaida ce.

Ranar da muka kai duron da butar zuwa gonata, manoma suka taru har daga Kura. Yaya ya ce min, "Habu, riƙe famfon tururin. Ni zan yi zuga. Kada ka shaƙi iskar, guba ce, kuma kada ka buɗe sai ya yi ja."

Yana zuga, ina kallon ganyen tumatir. Haba! Na ga kamar rana za ta faɗi. Na murɗe famfon gaba ɗaya. Tururi ya danne garwashin, ya yi baƙi ƙirin. Inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Aka bushe da dariya, wani ya ce, "Sule Tururi!" Sunan ya bi shi har kabari. Tumatir ya ƙone, ni kuwa na ɓoye cewa ni na buɗe famfon tun bai yi ja ba.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na je in faɗa masa gaskiya. Ban buɗe baki ba ya ce, "Sarkin gaggawa, ai na ga hannunka."

"Yaya, me ya hana ka faɗa?"

"Gonarka ta ƙone, in ƙara maka da dariyar mutane?"

To ku da kuka yi dariya ran nan, ni ya kamata ku yi wa. Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya sanyaya makwancinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa min.