Kawu Ilu da Ƙofar Iska

Duk wanda ya zauna a Agege ya san Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata. Shi ne tsohon nan da in gari ya waye zai lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce, "Yau ta Oshodi za ta ɓullo." Iska fa yake nufi!

Kowa na malale tsakar gida da siminti, shi kuwa ya zagaye namu da darbejiya da zogale. Iya Basira ta gidan baya ta gaji da shara, ta zo tana faɗa da Yarbanci. Sai da ta gama ya ce, "Iya, gode Allah ganye kike shara. Ba don su ba, kwanon ɗakinki za ki riƙa tsinta a titi."

Amma a jeren ya bar wani gurbi bai shuka komai ba. "Ƙofar iska ce," in ji shi. "In ka tare mata ko'ina, ta kanka za ta bi."

Ɗanjuma mai shayi ya ga fili, ya kafa tebur. Kawu ya ce ya matsa.

"Haba Baba! A Legas ake barin fili?"

Wallahi ina tsaye, da rana tsaka, ko ganye ba ya motsi, guguwa ta tashi daga gurbin nan, ta ɗauki teburin kaɗai ta kifa a kwata. Kawu ko ɗagowa bai yi ba. "Ba ta shan shayi," ya ce.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni. "Darbejiyar bayan ɗakinka ta gaji. Ka kwashe iyalinka kafin Alhamis."

"Kawu, ai ganyenta shar yake."

"Ni ma bara shar nake."

Ran Laraba ya cika. Ni na manta da zancen, matata da na faɗa wa ce ta dage, ta kwashe yara zuwa ɗakin marigayin. Alhamis bayan la'asar, muna zaman makoki, hadari ya taso. Bishiyar ta rufto ta raba ɗakina biyu, daidai kan katifar yaran. Sauran bishiyoyin ko reshe bai karye ba.

Muka duba, ashe gara ta cinye cikinta. To, gara dai mun gane. Alhamis ɗin ce har yau ban san inda ya samo ta ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya saka masa da inuwar Aljanna. Amin.