Faifan da na jefa a tsaye

Malamin wasanninmu bai taɓa jefa komai ba a rayuwarsa sai baƙar magana. Kwas ya je na 'yan watanni, ya dawo da usur, da farin gajeren wando wanda tumbinsa ya fi ƙarfinsa, da wani littafi mai hotuna da ba ya bari kowa ya taɓa. Shi ke nan, ya zama gwani.

Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas ne, komai sai a Maiduguri ake yinsa. A shekarata ta ƙarshe a makaranta aka ce za a ɗebi 'yan wasa zuwa can, kuma a jifan faifai, wato wannan faifan katako mai bakin ƙarfe, mutum ɗaya kacal za a ɗauka daga Yola da Jimeta. Ni kuwa ban taɓa wuce Numan ba. Ina son kujerar nan a cikin motar har cikin raina.

Kuma na san tawa ce. A bakin Binuwai na tashi, wurin bappana masunci, ina jefa birgi tun ban kai tsayinsa ba. Duk wanda ya jefa ragar nan mai darma a baki ya san ba hannu ke jifa ba. Ƙafa ce ke taka ƙasa, ƙugu ya murɗa, kafaɗa ta biyo, hannu kuwa shi ne na ƙarshe, rakiya kawai yake yi. Da na riƙi faifai sai jikina ya gane hanya. In juya wa fili baya, in rage tsawo, in kewaya, in saki. Faifan ya tafi yana shawagi.

Malam ya sa wa abin suna rawar masunta. A wurinsa ƙarfi a damtse yake, don haka kullum yamma muna ɗaga gwangwanayen siminti kamar 'yan dako. Littafinsa ma da hoton juyin a ciki, na hango da idona, amma ina jin bai karanta ya kai shafin ba.

Ranar zaɓe aka gayyato manyan cikin Yola, masu rawuna. Aka kafa musu rumfa can ƙarshen fili, daidai inda jifanmu yake nufa, don an tabbata ba mai kai wa wurin. Mu huɗu ne. Abokin karawata na gaske ɗan wani akawu ne daga Nassarawo, ƙato, damtse kamar taɓarya, a tsaye yake jifa yadda Malam ke so. A atisaye ina ba shi rata mai kyau.

Na shiga da'irar jifa, na juya baya, na durƙusa kaɗan. Sai usur. Malam ya taho da gudu, tumbi na gaba yana biye, ya tsaya dab da kunnena.

"Kai, ba ka da kunya? Manya na zaune za ka juya musu ƙeya, har da turo musu mazaunai? Fuskance su ka jefa."

Na ce masa a hankali ai daga nan jifan ke farawa. Ya ce ba a gaban waɗannan mutane ba, in kuwa na sake juyawa to na fita daga gasar, kuma shi ba zai rasa aikinsa saboda ɗan masunta ba. Kai jama'a! Mutanen da ke can nesa, ko fuskokinsu ba na gani sosai, su ne za su ji ciwon bayana.

Na fuskance su. Ƙafafuna a kafe kamar an dasa, ƙugu a ɗaure, na wurga da hannu zalla. Faifan ya tashi yana kaɗawa, ya faɗi tim kamar kwanon da ya suɓuce wa mai wanke-wanke. Sau uku aka ba ni, sau uku haka. A na ukun har kafaɗata ta amsa. Ɗan akawu ya wuce ni da taku biyu, aka rubuta sunansa.

Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ya yi. Malam nake rainawa, har gobe, mutumin da aka ba amanar jikin yara ya sayar don a ce yaransa na da ladabi.

Da aka watse ya kira ni gefe, yana share gumi, fuskarsa cike da tausayi irin na wanda ya yi daidai. Ya dafa kafaɗar da ke min zogi.

"Ka gani ko? Da ka dage da gwangwani da yanzu kai ne a motar."

Bakina cike yake da amsa, tun daga ƙafa har ƙugu na tanade ta. Amma haka aka rene mu. Na durƙusa har ƙasa, na ce, "Na gode, Malam."