Mangazar Elhaji Sani, daga can Japon

Shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Elhaji Sani mai fata, kuma a labarin nan ni ne wawan. Gara in faɗa da bakina.

'Yarsa Rakiya ta gama karatu a Japon, aka ce sai uba ya halarta. Uban na ƙasa, sai aka ɗora ni jirgi, ni da na bar lakwal tun ban iya rubuta sunan garinmu Takieta ba. Bayan biki ta kai ni wata tsohuwar unguwar 'yan kasuwa da suka adana. Mangazu ne, ɗakunan ajiyar kaya, farare a jere bakin ruwa, ƙofofinsu masu kauri, ko'ina a share. Na leƙa ɗaya. Ba buhu, ba ɗan dako, ba warin kaya. Mutane na cire takalmi su shiga su kalli wurin da shinkafa ta taɓa zama.

Da Elhaji ne, da ya nemi mai shagon ya yi masa jaje. Shi mangazarsa ta laka da ke Zango, tun daga bakin titi za ka ji ta, don fata ba ta ɓoye kanta. Kullum damina ta gabato sai ya tuɓe riga ya hau yaɓe tare da magina, ni kuma ina inuwa ina ba da shawara. Ranar da aka kai shi ban yi kuka ba. Har yau ina jiran kukan ya zo, bai zo ba. A can Japon ma na tsaya in ji wani abu, sai ƙafa kawai ke mini ciwo.

Magada kuwa sun daɗe suna so a rushe mangazar a zuba shagunan siminti, sa hannun Rakiya kaɗai ya rage. To mutumin, abin da ya saura nasa a tsaye ke nan. Sai na gyara hula na yi mata huɗuba a gaban mutanen Japon.

"Rakiya, dubi masu hankali. Kada ki yarda a taɓa mangazar ubanki. Muna komawa ni da kaina zan tsare ta."

Ta dube ni, ba fushi.

"Baba, bangon gabas ya zube tun daminar bara. Gidanka ne a bayansa. Ko ƙarar ba ka ji ba?"