Gaurakan da Na Ce Na Gani

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni ne na ce na ga gauraka a fadamarmu, kuma ban ga komai ba. Lokacin ina ɗan shekara goma sha uku, bakina ya fi ƙafata sauri. Idan na ga ɓera a rumbu, kafin in iso tsakar gida ya zama gafiya, kafin in kai zaure ya kai ɗan akuya. Kowa a gidanmu ya san rabin maganata ake ɗauka a zubar da rabi. Ranar ne kawai aka samu wanda ya ɗauke ta duka, wato kakana, mahaifin babanmu.

Da ƙuruciyarsa fentin bayan manyan motoci yake yi a Funtua. Ya zana zakuna sun fi gashin kaina yawa, alhali bai taɓa ganin zaki ba. Yakan ce direbobi suna ta yabo, shi kuwa ya san kyanwa ce ta ƙoshi. Da ya tsufa ya dawo ƙauyenmu kusa da Tsiga, sai ya yi wa kansa doka: ba zai sake zana abin da ba ya gaban idonsa ba.

Kullum da hantsi, bayan ya sha koko, zai ɗauki takardar buhun siminti da ya yayyanka, da gawayin marke da ya feƙe da aska, ya fita. Yau shamuwa ce a kan kuka, gobe fara a ganyen dawa, jibi auduga da ta fara fashewa. Idan ƙadangare ya gudu kafin ya gama, haka zai bar shi ba wutsiya. Kakata takan ce rabin dabbobin ɗakinsa nakasassu ne. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da na gawayi, hannunsa nake tunawa, baƙi ƙirin har wuyan hannu, yana neman inda zai goge, kuma yawanci a rigata yake gogewa.

A daminar waccan shekarar idonsa ya fara tsukewa. Ya ce gani yake kamar mai leƙe ta ramin kara, tsakiya da haske, gefe duhu. Babanmu ya shirya kai shi asibitin ido a Zariya ranar Litinin. Ranar Asabar da yamma muna zaune a zaure, kakana yana ba da labarin yadda gauraki ke cika fadamar nan a da, kafin injinan ban ruwa su kore su, da yadda bai zana ko ɗaya ba don a lokacin yana can yana fama da zakunan ƙarya. Ni kuwa don in ba mutane dariya sai na ce, "Ai jiya ma na ga wani, Tsoho. Ya fi ka tsawo, tukkunsa kamar tsintsiyar amarya."

Kowa ya yi dariya, ban da shi.

"A ina, ja'iri?"

"Bakin tafki, wajen giginyar nan."

Da na ce wasa nake, da shi ke nan. Amma yadda fuskarsa ta washe ya sa na ji kunya ta kama ni, na bar ƙaryar a haka.

Litinin ta zo, ya ce ba inda za shi. Babanmu ya durƙusa ya roƙe shi. Kakana ya ce ya ji in an taɓa idon mutum sai a naɗe shi kwana da kwanaki, tsuntsu kuwa ba ya jiran kowa. Zariya tana nan, ba ta da fuka-fuki.

Mako uku muka yi muna zuwa tafkin nan, ni a gaba riƙe da takardu, shi a baya da sanda. Tsakiyar marka ce, laka har gwiwa, sauro kowanne kamar zakara. Mukan zauna a kan tushen giginya tun hantsi har rana ta take. Kwaɗi suna ta surutu, balbelu suna bin shanun Fulani a can ƙetare. Bai zana ko ɗaya ba, wai yana tanadin idon. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan faɗa masa, gobe ta yi in kasa. A mako na biyu ya taka kunyar shinkafar mutane bai gan ta ba. A na uku ya miƙa hannu zai karɓi gawayi, ya kama iska.

Wata safiya wani zalɓe ya sauka a tsakiyar tafkin, dogo, toka-toka, wuya kamar igiya. Zalɓe ne irin wanda kowane yaro ya sani. Kakana ya ji faɗuwar fuka-fuki a ruwa, ya damƙe hannuna.

"Shi ne?"

Na dubi zalɓen, na dubi idonsa da ke ta neman inda zai tsaya. Na tuna in na ce a'a, gobe ma nan za mu dawo, jibi ma haka.

"Shi ne, Tsoho."

"Ban ji kukansa ba. Kuma gauraka ba ya yawo shi kaɗai."

"Matarsa ta yi yaji. Ta ce ya cika zama bakin tafki kamar wani."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Ɗan nema. To riƙe mini takardar. Ƙafafun ina ganinsu, kan ne ba na gani. Faɗa mini."

Na faɗa masa. Na ce tukku ruwan zinariya, kumatu fari da ja, goshi baƙi. Duk daga bakinsa na ji su, nake mayar masa. Karo na farko ke nan da na yi ƙarya ban ƙara gishiri ba. Hannunsa yana tafiya a hankali, hancinsa ya kusa taɓa takardar. Zalɓen ya tashi tun yana kan wuya. Ban faɗa masa ba, ya ci gaba har ya gama, har da wutsiya.

Da muka koma gida ya ce wa babanmu a nemo mota.

Likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu, ba abin da aiki zai dawo da shi. Na tambayi babanmu ko da an je da wuri da an ceci wani abu. Ya ce ciwon ya daɗe, mako uku ba komai ba ne, Allah ya riga ya rubuta. Wataƙila haka ne. Shi ma bai san abin da na sani ba.

Yanzu shekarata goma sha bakwai. Tafkin an kewaye shi da tumatir, giginyar ma an sare ta an yi azara. Har yanzu ina ba mutane dariya, ba zan ce na shiryu ba, amma babu abin da zai sa ni in ce na ga abin da ban gani ba.

Kafin a yanke dawa a waccan shekarar idon kakana ya rufe gaba ɗaya. Ya ƙara damina ɗaya a zaure, yana gane tsuntsaye da kukansu. Ya rasu ana cire masara. Ban taɓa faɗa masa zalɓe ne ba, shi ma bai sake tambayata ba.