Ranar da Aka Kai Shi Rabah

Maciji ne ya sari maigidana yana ban ruwa a gonar albasa, can ƙasan madatsar Goronyo. Aka ɗora shi a babur zuwa asibiti a Wurno, na bi su a mota. Ƙafar ta kumbura har cinya. Washegari da hantsi ya cika, hannunsa cikin nawa.

Shi ɗan Rabah ne. Noman rani ya kawo shi Goronyo tun yana saurayi, nan ya aure ni, nan muka rufe ɗanmu na fari. Ya sha gaya mini cewa in ta Allah ta kasance, kusa da yaron yake so a sa shi. Ni kaɗai ya gaya wa, don ba maganar da mutum ke yi a bainar jama'a ba ce.

Muka kai gawar gidan ƙanen babana, nan cikin Wurno. Ba a jima ba yayan maigidana ya iso daga Rabah da mota, da likkafani a ƙunshe. Ya yi mini gaisuwa, ya ce an fara haƙa kabari a gida. Na durƙusa na gaya masa wasiyyar ƙanensa. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya ji. Na ce babu.

Sai ya ce, "Inna na can bakin ƙofa tana jiran ɗanta. Mi za ni ce mata?"

Baffan nawa ya kira limamin unguwa. Malam ya saurare mu duka. Ya ce wanka haƙƙina ne, na fi kowa cancanta in ina so. Amma salla da wurin rufewa na danginsa maza ne, kuma wasiyyar da ba shaida ba za ta ɗaure su ba. Ya roƙe mu kada mu jinkirta gawa.

Na ce to, ni zan wanke shi. Matan gidan suka yi ta kallon juna, amma suka kawo ruwa da ganyen magarya. Na rufe ƙofa. Har lokacin akwai lakar gona a farcensa, na zauna na fitar da ita a hankali. Ina zuba ruwa ina gaya masa na faɗa, ba a karɓa ba, ya yafe mini.

Na shiga motar tare da su zuwa Rabah, zuciyata cike da haushin dangin maigidana. Da aka shigar da shi, surukata, wadda idanunta suka daɗe da mutuwa, ta lalubo fuskarsa ta cikin likkafani tana shafawa. Sai ta nemi hannuna ta riƙe.

"Ɗiyata, an ce ke kinka wanke shi. Allah shi yi miki albarka."

Na rasa wanda zan ji haushinsa. Muna zaune ni da ita maza suka ɗauke shi suka fita.

Bayan kwanakin zaman makoki na koma Goronyo na ƙarasa takaba. Ban taɓa ganin kabarin ba. Da autanmu ya girma ya tafi ziyara, yayan babansa ya kai shi maƙabarta. Ya dawo ya ce mini ruwan damina ya baje wurin. Tsohon ya tsaya tsakanin kaburbura biyu yana kuka, ya kasa tuna wanne ne, sai suka yi wa duka biyun addu'a.