Kawu Habu da Sanyin Turawa

Duk wanda ya zauna da mu a Riyad wajejen shekarun casa'in ya san yadda Kawu Habu yake shiga ɗaki. Zai yi sallama, kafin a gama amsawa ya wuce kowa ya nufi mukayyif, na'urar nan ta sanyaya ɗaki, ya ɗaga tafin hannu a gabanta. Can sai ya yanke hukunci da Turanci: "Cool." Ko kuma, "Chilly." In mai ɗakin ya taki sa'a, "Freezing." Bayan nan ne za a gaisa a tambayi iyali.

Yayan mahaifiyata ne, mutumin Gumel, direban wani kamfani a unguwar Ulaya, kuma a ɗakinsa na sauka da na zo neman aiki. Namu mukayyif ɗin ado ne kawai. In na kai hannu zan kunna sai ya ce, "Lawal, lantarkin nan gadonka ne?" Sanyin mutane yake aunawa, nasa yana ajiye.

Da yawa sun ɗauka taɓuwa ce. Ni na san mafarin abin. 'Yarsa Binta ta bi mijinta karatu Kanada, ta haihu a can, aka sa wa yarinyar sunan mahaifiyar Kawu. Don haka bakinsa bai taɓa kama sunan ba, sai dai "Innata". Yarinya ta tashi ba ta jin komai sai Turanci. Duk Juma'a bayan la'asar mukan je kabina, shagon buga waya ƙasar waje, lokacin su gari bai daɗe da wayewa ba. Ranar da aka fara miƙa mata wayar ina tsaye kusa da shi, ina jiyo 'yar muryarta tana zuba labari. Ƙanƙara ta sauka, ita kuwa ba ta da zancen da ya wuce wannan. Kawu ya saurara har ta gama, ya ce, "Yes. Thank you." Shi ke nan Turancinsa ya ƙare. Yarinya ta jira, ta gaji, ta miƙa wa uwarta.

Muka fito muka shiga mota.

"Uwata ta yi mini magana na kasa amsawa," ya ce. "Ka taɓa jin ɗan halak ya yi haka?"

Na ce mu saya masa ƙamus. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In sayi littafi, alhali kullum ina ɗauke da mai yaren a bayan mota kyauta?"

Wani Bature injiniya yake tuƙawa. Bawan Allah nan ya shiga uku. Duk inda jar wuta ta tsayar da su sai Kawu ya waiwayo: in raɓa ta daskare a kan ciyawa me ake ce mata? In ruwa da ƙanƙara suka zubo tare fa? Haka ya samo frost, ya samo sleet, ya samo blizzard. Turancin cefane ko na asibiti bai dame shi ba, na sanyi kawai yake so. Daga baya Baturen ya koma yin barci da zarar ya shiga mota. Kawu ya ce, "Barcin ƙarya ne. Ina ganin idonsa ɗaya ta madubi."

Sai kuma ya ce kalmar da jikinka bai ji ba, aro ce. Akwai abokinsa Isuhu, mutumin Damagaram, mai aiki a ma'ajiyar daskararrun kaji a unguwar Utaiqa. Kawu ya same shi ya ce a rufe shi a ciki.

"Alhaji, me ka yi wa Allah?" in ji Isuhu.

"So nake in ji inda freezing ya ƙare, bitter cold ya fara."

Aka rufe shi, muka tsaya a bakin ƙofa muna zufa. Da shirun ya yi yawa Isuhu ya buɗe. Ga Kawu zaune a kan kwalin kaji, gemu ya yi fari fat, haƙora suna kaɗawa. Ya shafa gemun, ya duba yatsunsa, ya nuna mana.

"Frost," ya ce.

Isuhu ya ce, "Alhaji, kajin nan sun fi ka hujja. Su ba da ƙafarsu suka shigo ba."

Mura ta kwantar da shi har Juma'a, amma ya lallaɓa ya je kabina. Ranar na ji ya ce, "Innata, today frost or sleet?" Dariyar da yarinyar ta yi har ni na jiyo. Ya fito yana share hanci yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

Shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara a Riyad kowa ya ruga da motarsa ƙarƙashin gada. Kawu ya tsayar da motar kamfani a tsakiyar fili, ya fita, ya cire hula ya tara. Bature yana ciki yana ihu, shi kuwa ya leƙo ta taga da hula cike.

"Snow?"

"Hail!" in ji Bature.

Motar ta dawo jikinta duk ya loɓa kamar tsohuwar tasa. Kafil ɗinsa, Balaraben da ke riƙe da takardar izinin zamansa, ya yi ta faɗa yana buga tebur. Kawu ya bari ya numfasa, ya ce da shi ai daga sama ta zo, in akwai ƙara a kai can. Ƙanƙarar kuwa ya juye ta a gwangwanin madara ya sa a firjinmu, ya ce ajiyar Inna ce. Tana nan har azumi ya kama, wani baƙo da ya zo shan ruwa ya buɗe firji ya zuba mana ita a lemo. Kawu ya dawo daga masallaci ya tarar da gwangwani wayam. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun shanye hail."

Ba wanda ya ɗaga kai.

"To, da daɗi?"

Wata Juma'a yarinyar ta juya masa tambaya: su can Riyad yaya garin yake? Kawu ya ce, "Hot." Ta ce sai me? Ya ce, "Very hot." Mutumin da ya yi shekara ashirin rana tana gasa shi, abin da ya mallaka ke nan.

Da Binta ta ce ya zo ya gan su, ta roƙe shi ya bari sai lokacin zafinsu, saboda shekarunsa. Ya ce, "In je in ga rana? Rana ce ta rage mini?" Ya kafe sai tsakiyar sanyi. Ya sayi wani jibgegen kwat a haraj, kasuwar gwanjo, yana sa shi da yamma yana zagaya unguwa wai yana sabawa, zufa na bin ƙafarsa. Na yi masa magiya ya tafi kawai, kar ya jira sanyi. Ya ce Inna ta yi masa alkawarin snow, ba zai je ta ji kunya ba.

Saura wata uku tafiyar, ranar wata Alhamis, ya dawo aiki ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa. Aka yi masa salla bayan Juma'a, muka kai shi makwanci, ƙasa tana ƙona mana tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Bayan la'asar na tafi kabina ni kaɗai, don in sanar da Binta. Bugu ɗaya aka ɗauka. Ashe yarinyar tana zaune gindin waya tana jira, ta yi mako tana koyon abin da za ta faɗa masa. Kafin in buɗe baki na ji 'yar muryar nan, a hankali, da Hausa:

"Kaka, ina kwana. Yau akwai ɗari."

Ni da na yi makaranta, na rasa abin cewa da kowane yare. Kuka ne ya zo mini, na danne na ce ta ba ni mamanta.

Kwat ɗin yana wurina har yau, ban taɓa sa shi ba. Allah ya jiƙan Kawu Habu, ya yafe masa kurakuransa, ya raya masa Innarsa. Allah ya sanyaya makwancinsa.